Sabon katin hoto a tsohuwar kwamfuta

Tambaya: Malam, kwamfutata ta tebur tana da Windows da Ubuntu, ina so in sa mata sabon katin hoto. Me zan duba? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara buɗe akwatin ka ga wat nawa aka rubuta a jikin na'urar raba wuta. Ramin PCIe, wato inda ake saka katin a cikin kwamfutar, wat 75 kaɗai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai da waya mai fil 6 ko 8, kuma yawancin kwamfutocin ofis ba su da ita. In akwatin siriri ne, nemi kati mai gajeren tsayi.

Ubuntu na gane katin kamfanin AMD kai tsaye, na NVIDIA kuwa gara ka girka masa direbansa, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki. A Windows, cire tsohon direba tukuna. Bayan ka gama, mayar da wayar allo jikin sabon katin.