Tambaya da Amsa: Ina Zan Kai Iyayena Su Ga Tarihin Winnipeg?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, kuma iyayena za su zo bikin kammala karatuna a watan Yuni, za su yi kwana huɗu. Mahaifina mai son tarihi ne ƙwarai, mahaifiyata kuwa tana fama da ciwon gwiwa, ba ta jure doguwar tafiya. Na shekara uku a garin nan, amma daga aji sai ɗaki, kuma abokan karatuna suna cewa babu abin gani a nan ban da sanyi da fili fetal. Ina ya kamata in kai su?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wa karatun albarka, ya kawo iyayenki lafiya. Ban yarda da maganar abokan karatunki ba, domin wannan fili fetal da suke rainawa shi ne mafarin labarin garin gaba ɗaya, kuma shawarata ita ce ki bi da iyayenki bisa yadda tarihin ya gudana, wato ki fara da kogi da ciyawa kafin ki kai su dogon gini.

Ranar farko ki kai su wurin da ake kira The Forks, a tsakiyar gari, inda kogin Assiniboine mai fitowa daga yamma ya haɗu da kogin Red mai gangarowa daga ƙasar Amurka zuwa arewa. Masu haƙa don binciken tarihi sun tabbatar da cewa mutane sun fi shekara 6,000 suna haɗuwa a wannan mahaɗa don ciniki da farauta da kamun kifi, tun kafin wani Bature ya san da ita. Sunan Winnipeg ma daga harshen Cree, wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar, ya fito, ma'anarsa ruwa mai laka, kuma idan mahaifinki ya dubi launin kogin zai gane dalili ba sai an yi masa bayani ba. Wurin ya dace da mahaifiyarki, don akwai kujeru a bakin ruwa, akwai kuma kasuwar da aka yi a cikin tsofaffin gine-ginen kamfanin jirgin ƙasa, inda za ta zauna ta huta.

Daga nan sai Gidan Tarihin Manitoba, wato lardin da Winnipeg take ciki, kuma a nan nake so ku ɓata lokaci mai tsawo. Da shigarku za ku tarar da hoton farautar ɓauna da aka ƙera daidai girman halitta: mahayi a kan doki yana bin garke a guje. Ki bar mahaifinki ya tsaya a nan, domin ɓaunar nan ita ce ginshiƙin rayuwar filayen. Miliyoyinta ne suke kiwo a da, daga gare ta ake samun nama da sutura da fatar yin bukka, kuma da busasshen namanta da aka daka aka cuɗa da kitse ake yin guzurin da ba ya lalacewa, wanda fataken fatu suke ɗauka a kwale-kwale. Kafin shekarun 1880 su ƙare an kusa ƙarar da ita ƙaf, kuma yunwar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka karya ƙarfin 'yan asalin ƙasar.

Can ciki kuma akwai jirgin ruwa sukutum, mai suna Nonsuch. Kwaikwayo ne na jirgin da ya taso daga Ingila a 1668 ya shiga tekun Hudson neman fatu, wanda ribar tafiyarsa ta sa aka kafa Kamfanin Hudson's Bay a 1670. An ƙera na kwaikwayon a Ingila a 1968, ya yi tafiya a kan ruwa da gaske, sa'an nan aka kawo shi Winnipeg aka gina zauren a kewaye da shi. Abin da ya fi kama ni ranar da na taka dandamalinsa shi ne ƙanƙantarsa. Tsawonsa bai kai mita 20 ba, makwancin da ke cikinsa kuwa ɗan akurki ne wanda babban mutum ba zai miƙe ƙafa sosai ba, amma a cikin irinsa mutane suka ratsa tekun Atlantika, kuma daga wannan tafiya aka sami kamfanin da ya yi shekara 200 yana iko da ƙasa mai faɗin gaske. Gani ya kori ji.

Rana ta biyu ku nemi mota ku tafi Lower Fort Garry, kimanin kilomita 30 arewa da gari. Sansanin ciniki ne na dutse da kamfanin ya fara ginawa a shekarun 1830, kuma a lokacin zafi ma'aikatan wurin suna sa tufafin wancan zamani suna nuna yadda ake ƙira da gashin burodi da ɗaure fatu. Dalilin da ya sa na dage ku je shi ne wannan: a ranar bikinki, kafin a fara komai, mahaifinki zai ji an ambaci cewa taron yana gudana a kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, kuma mahaifar al'ummar Métis, wato zuriyar auratayyar fataken fatu Turawa da matan 'yan asalin ƙasar. To a wannan sansani ne aka sa hannu a kan yarjejeniyar, ranar 3 ga Agusta 1871, tsakanin wakilan sarautar Birtaniya da shugabannin al'ummomin Anishinaabe da Cree, 'yan asalin ƙasar. Gwamnati ta ɗauke ta a matsayin an sallama mata ƙasa, su kuwa jikokin waɗanda suka sa hannu suna cewa kakanninsu sun yarda ne a zauna tare a ci moriyar ƙasar tare, kuma har yau ba a gama wannan magana ba. Filin sansanin yana da faɗi, saboda haka ki tambayi ma'aikata tun a ƙofa yadda za a sauƙaƙa wa mahaifiyarki zagayawa.

Gidan Tarihin Haƙƙin Ɗan Adam, wanda kowa zai ce ki fara da shi, ni na fi so ki bar shi sai rana ta uku, bayan sun san su wane ne mutanen da ake ba da labarinsu a ciki. An buɗe shi a 2014, hasumiyarsa ta gilashi ta kai mita 100, kuma hotonsa ne a bayan takardar dala 10 ta Kanada, wadda ke ɗauke da fuskar Viola Desmond, baƙar matar da ta ƙi tashi daga kujerun da aka keɓe wa fararen fata a wani gidan sinima a 1946. An tsara ginin ta yadda mai ziyara zai shiga ta wuri mai duhu, ya riƙa hawa ta kan gadoji na farin dutse mai haske daga ciki har ya kai sama. Gadojin suna da tsawo ƙwarai, don haka ku bar mahaifiyarki ta hau ta na'urar ɗaga mutane. Ki kuma shirya zukatansu tun daga gida, domin a ciki za su ga labarin makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka raba yara kimanin 150,000 na 'yan asalin ƙasar da iyayensu, aka hana su harshensu, da yawa kuma suka mutu a can. Sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe, kuma hukumar da aka kafa don binciken gaskiya da sulhu ta miƙa rahotonta a 2015. Ba wuri ne da ake zagayawa cikin gaggawa ba, kuma ba na ba da shawarar a haɗa shi da wani gidan tarihin a rana ɗaya.

Idan lokaci ya rage, ku ratsa unguwar Exchange a mota. Gine-ginenta kusan 150 na zamanin da kasuwar alkama da jirgin ƙasa suka mai da Winnipeg birni na uku a girma a Kanada, wajen 1911, suna nan a tsaye, kuma a titunan nan ne ma'aikata kusan 30,000 suka yi yajin aikin gama-gari na mako shida a 1919. Sa'an nan akwai wani ɗan wuri da baƙi ba su cika sani ba, Living Prairie Museum, fili mai kimanin eka 30 da aka bar shi da doguwar ciyawarsa ta asali, garma ba ta taɓa shiga ba. Abin da ya rage na irin wannan ciyawa a Manitoba bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa gwamnatin Kanada ta rataye Louis Riel bisa laifin cin amanar ƙasa, amma da na je Winnipeg sai na ga gada da sunansa, da mutum-mutuminsa a harabar majalisa, har da ranar hutu. Yaya aka yi wanda aka kashe da sunan maci amana ya zama gwarzo, kuma ina zan ga abin da ya shafe shi?

Amsa: Barka kadai, Malam. Riel, wanda aka haifa a 1844, ɗan al'ummar Métis ne, wato zuriyar da ta samu daga auratayya tsakanin fataken fatu, galibi masu jin Faransanci, da matan 'yan asalin ƙasar. A 1869 Kamfanin Hudson's Bay ya amince ya miƙa wa Kanada yankin a kan fam 300,000, ba tare da an tuntuɓi mazauna wurin ba, sai kawai suka ga masu awon fili a gonakinsu. Riel ya jagoranci mutanensa suka tare masu awon, suka karɓe sansanin Upper Fort Garry, wanda ƙofarsa take nan har yanzu a tsakiyar gari, suka kafa gwamnatin wucin gadi, suka kuma tilasta wa gwamnatin Kanada da ke Ottawa zaman tattaunawa. Daga wannan zama ne aka sami dokar da ta kafa lardin Manitoba a 1870, tare da alkawarin eka miliyan 1.4 ga 'ya'yan Métis.

Sai dai gwamnatinsa ta yanke wa wani ɗan Ontario mai suna Thomas Scott hukuncin kisa ta kuma zartar, abin da ya harzuƙa masu jin Turanci, ya sa Riel ya yi gudun hijira zuwa Amurka. Sau uku ana zaɓensa ɗan majalisar tarayya, bai taɓa samun damar zama a kujerarsa ba. A 1884 Métis na yankin Saskatchewan suka kira shi ya jagorance su, aka yi yaƙi, aka ci su a Batoche a watan Mayu 1885, aka rataye shi a Regina ranar 16 ga Nuwamba na shekarar. Abin da ya canja daga baya shi ne fahimtar mutane game da koke-koken da ya tsaya a kai. A 1992 majalisar tarayya ta amince da rawar da ya taka wajen kafa Manitoba, a 2013 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa gwamnati ba ta cika alkawarin filayen nan yadda ya kamata ba. A ganina kisan Scott kuskure ne babba wanda bai kamata a rufe shi ba, amma bai share gaskiyar da mutanen suke da ita a kan ƙasarsu ba.

Ka ƙetare gadar masu tafiya da ƙafa daga The Forks zuwa unguwar Saint-Boniface. Kabarinsa yana farfajiyar babbar majami'ar unguwar, wadda gobara ta cinye a 1968, ta bar bangon gaba a tsaye da wani ƙaton rami zagayayye inda tagar gilashi take a da, ta cikinsa kana hango sararin sama. Kusa da nan akwai gidan tarihin Saint-Boniface, a cikin ginin da ya fi kowane tsufa a Winnipeg, wanda aka fara ginawa da gungumen itace a 1846 don matan Katolika masu zaman zuhudu da suka iso daga Montreal a kwale-kwale a 1844. Kayan Riel da dama suna hannun wannan gida. Tsohon gini ne mai yawan buƙatar gyara, saboda haka ka bincika ko a buɗe yake kafin ka tafi.

Tambaya: Malam, ni da maigidana da yaranmu uku za mu je Winnipeg a watan Fabrairu. Ko lokacin sanyi ya dace da irin wannan ziyara?

Amsa: Ya dace, Hajiya, muddin kun shirya masa. Sanyin garin yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, don haka ku tanadi riguna masu kauri da safar hannu da hular da ke rufe kunne da takalman ƙanƙara, musamman ga yaran. Lower Fort Garry ba ya gudanar da shirinsa na baƙi a wannan lokaci, amma manyan gidajen tarihin cikin gari suna aiki, ko da yake da yawansu ba sa buɗewa ranar Litinin.

Wurin da na fi so ku kai yaran shi ne Qaumajuq, sashen da aka buɗe a 2021 a jikin babban gidan zane-zane na Winnipeg, inda aka tara ayyukan hannu kusan 14,000 na al'ummar Inuit mazauna can ƙuryar arewa. Da shiga za ku ga rumbu na gilashi mai hawa-hawa cike da dubban sassaƙe-sassaƙen dutse, na mafarauta da tsuntsaye da uwaye goye da 'ya'ya, kuma yara sukan daɗe a gabansa suna nuna wa juna. Akwai kuma masana'antar buga sulalla da aka buɗe a 1976, wadda take buga dukkan sulallan da ake kashewa a Kanada da na wasu ƙasashe masu yawa, kuma tana zagayawa da baƙi. A watan Fabrairu ne kuma ake yin bikin Festival du Voyageur a Saint-Boniface, na tunawa da fataken fatu, kogin kuma yakan daskare har a share hanya a kansa daga The Forks, mutane su yi ta tafiya da zamiya. Ku hau inda hukumar wurin ta buɗe kawai, kuma ku riƙa shiga kasuwar da yaran lokaci-lokaci su ɗumama jiki.