Ina eth0 ya tafi?

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutocin wani shagon intanet a Tudun Wada, Kaduna. Bayan na sabunta Linux, sai na tarar katin sadarwa da na sani da eth0 ya koma enp3s0. Shin wani abu ya lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace. A da, tsarin yakan raba sunaye bisa wanda ya fara ganowa yayin kunna na'ura, don haka idan kati biyu ne, wanda yake eth0 yau yana iya wayar gari eth1, sai dokokin tsaron da ka kafa wa ƙofar waje, wato katin da ke haɗe da intanet, su faɗa kan ta cikin gida, kuma wannan haɗari ne babba. Shi ya sa a 2013 systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan Linux tun daga kunna na'ura, ta fito da sabon salo a sigarta ta 197, inda sunan yake bin mazaunin katin a jikin na'ura: en na nufin sadarwar kebul, wl mara waya, p3 layin PCI (hanyar da katuna ke haɗuwa da kwamfuta) na uku, s0 kuma gurbinsa.

Kana iya dawo da tsohon suna ta ƙara net.ifnames=0 cikin saitin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux idan an kunna kwamfuta, amma a ganina gara ka gyara fayilolin saitinka su bi sabon. Sai dai ka lura, ƙara wani katin PCI yakan sauya lambar layin, sai sunan ma ya sauya.