Amsa ga ƙaninmu da ƙasar lambunsa ta gaji

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina na ga tambayarka tun jiya, ka ce shekara uku kana shuka latas da kabeji a bayan gida nan unguwar Aboabo a Kumasi, shekarar farko abin ya yi kyau, yanzu ko ka zuba takin zamani na NPK 15-15-15 ganyen sai ya yi ɗorawa, kuma kullum kana share wurin tas ka ƙona shara. To wallahi amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe, wannan sharar da kake ƙonawa ita ce abincin ƙasar.

Ni ma haka na yi a farko. Na taso ina ganin tsafta ita ce a share ko'ina ƙasa ta fito ja wur. Sai da na yi aikin gonar koko wajen kawuna na gane. Can ba mai share ganye, kana tafiya ƙafarka tana nutsewa cikinsa, wata rana ya ce in tona da hannu, na ɗaga busasshen ganyen sama, na ƙasa ya yi baƙi ya ruɓe da ɗumi-ɗumi, ga tana ga gara ga wasu fararen zare kamar saƙar gizo, kuma da danshi alhali an yi sati biyu ba ruwa. Ya ce min ka ga bishiya ita take ciyar da kanta, saiwa ta jawo daga ƙasa, ganye ya faɗi, ƙwari su cinye su mayar, saiwa ta sake ɗauka. Ƙasar daji irin tamu ta Asante ƙarfinta a wannan ɗan saman yake, ba ta da zurfin arziki kamar yadda mutane suke zato.

Kai kuma latas ɗin ka cire ka kai kasuwar Kejetia, ragowar ka sa wuta, to me ya koma? In ka ƙona, naitirojin ɗin, wato sinadarin da yake sa ganye ya yi kore, yana bin hayaƙi ya tafi, toka kawai ake bar maka, tana da ɗan amfani dai amma ruwan farko ya wanke ta.

Sannan ga ruwa. Kumasi damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, ruwa mai yawa ne. In ƙasa tana tsirara ruwan ba ya tsayawa ya shiga, dukanta yake yi ya kwashe saman ya gangara gwata, takin da ka saya da kuɗinka yana ciki, daga nan sai rafi. Wanda ya shiga ƙasan ma yana narkar da takin zamani ya kai shi ƙasa inda gajeriyar saiwar latas ba ta kaiwa. Amma in akwai ganye a kai sai ruwan ya sauka a hankali, ƙasa ta sha, wani ya tafi rijiya, wani shuka ta ja ta fitar ta ganye ya koma sama ya haɗu ya zama hadari. Ka dubi tafkin Bosomtwe da yake nan kusa da Kumasi, ba kogin da yake fita daga cikinsa, ruwan sama ne yake cika shi rana kuma tana ɗebewa a tururi. 

Abin da na yi a nawa lambun, na daina wuta gaba ɗaya. Na haƙa rami ina tara ganye da ɓawon ayaba da na rogo, in sa kashin kaji irin wanda ake sayarwa haɗe da garin katako, in ɗan yayyafa ruwa ina juyawa. Dan Allah kar ka zuba shi ɗanye, na taɓa yi ya ƙone min kunya biyu cur, ka bari ya huce ya yi baƙi tukun. Leda kuma ka tsince, ba ta ruɓewa.

Kuma ka huta da latas na zagaye ɗaya ka sa wake ko gyaɗa. Iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce amma shuka ba ta iya ɗaukarta kai tsaye, sai irin su wake da gyaɗa, su akwai ƙwayoyin halitta a saiwarsu da suke kama musu. In waken ya yi wata ɗaya da rabi ka tumɓuke guda ka gani, za ka ga ƙananan ƙulli-ƙulli jikin saiwar, ka fasa da farce, in cikin ya yi ja-ja to suna aiki. In ka tsinke wakenka ka bar ganyen da saiwar a wurin.

Ba za ka ga canji a wata ɗaya ba fa, ni sai damina ta biyu na fara ganin tana ta dawo. In kana so ka same ni bayan Juma'a in ɗebo maka bokiti ɗaya daga ramina ka gwada a kunya ɗaya.