Amsa: Wa ke biyan rangwamen kuɗin motar BRT?

Ɗan'uwa, ka tambaya idan aka rage kuɗin motar BRT, wato manyan bas ɗin Legas masu bin layinsu na musamman a titi, wa ke cike giɓin, kuma ko ɓarnar dukiya ce. Baitulmalin jihar Legas ne ke cikewa, wato harajinmu. Kamfanin da ke tafiyar da bas ba zai sayi mai da kayan gyara a kan rabin farashi ba, dole gwamnati ta biya shi ragowar.

Haka aka yi a watan Agustan 2023, bayan cire tallafin fetur: Gwamna Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin motocin da hukumar sufurin Legas, LAMATA, ke kula da su. Da yake da katin biyan kuɗin mota na Cowry ake biya, ana iya ƙirga fasinja, saɓanin tallafin mai da ba a san inda ya shige ba.

Ni dai ban ga ɓarna ba wallahi. Ɗan dakon da ke tasowa daga Agege zuwa Oshodi kullum, kuɗin mota ne ke cinye masa guminsa. Damuwata ita ce unguwannin da BRT ba ta shiga, inda sai danfo, ƙananan motocin haya na 'yan kasuwa. Talakan can yana biyan haraji, amma rangwamen BRT ɗin bai isa gare shi ba.