Goggo, ga yadda muke da malamar waƙar yaranmu a Kumasi

Goggo, barka da war haka, ya jiki, ya mutanen gida? Saƙonki ya iso. Kin ce yaya aka yi mu da muka fito daga gidan malamai muka bar Kirista tana koya wa 'ya'yanmu kiɗa da waƙa a firamare, ko dai zaman Zongo ya sa mun saki layi. Na san kishinmu ne ya sa kika tambaya, don haka bari in ba ki amsa a tsanake.

A nan Gana mu ne 'yan tsiraru. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari, Kiristoci kuwa sun haura kashi 70. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ta Salaga, bayan yaƙin basasar garin a 1892 da yawa suka gangaro Kumasi. Boko kuwa a hannun mishan ya yi ƙarfi: Methodis, Presbiteriyan, Katolika, Angilikan. Shi ya sa iyayenmu suka daɗe suna gudunsa, muka kuma sha wahalar wannan gudun a wajen neman aiki. Tun 1987 gwamnati na da sashen kula da makarantun Musulunci, kuma muna da makarantun da ke haɗa Turanci da Arabiyya a unguwannin Aboabo da Asawase da ke nan Kumasi. Amma ba su isa kowa ba, kuma ko a cikinsu za ki tarar da malamai Kiristoci da gwamnati ta turo.

Ita wannan baiwar Allah, wadda yara ke kira Madam kawai, ba wai an ɗauke ta don waƙa kaɗai ba ne. A yawancin firamaren gwamnati malamin aji shi ke koyar da kusan komai, kiɗa da rawa da zane kuma an cusa su a darasi guda na fasaha. To duk malamin da aka ga ya iya waƙa, sai a ɗora masa ta makaranta gaba ɗaya. Ita kuwa tun tana ƙarama take cikin mawaƙan cocin Methodis, can ta koyi karanta waƙa da haruffan do, re, mi. Haka kayan ya faɗo kanta, ga nata ajin da lissafinsa da Turancinsa.

Da sassafe take hawa tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, daga unguwarsu, ta riga yawancin malamai isowa, domin ita ke buɗe ɗakin da ake ajiye ganguna. Sau da yawa nakan same ta a bakin ƙofa tana sayen koko da ƙosai wurin wata 'yar Zongonmu. Idan an yi layin safe ita ke ɗaga hannu a fara taken ƙasa, sannan manyan yara maza su buga ganga a yi maci zuwa aji. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: ganguna da fatarsu ta sha faci, ƙuge guda, ƙaramar ganga mai igiyoyi irin kalangunmu, sai sarewar gora da ake kira atenteben, mai huji shida a sama ɗaya a ƙasa. Sarewar ba ta isar aji, sai yara su riƙa karɓa-karɓa, ita kuma tana goge bakin kowace da tsumma kafin ta miƙa wa na gaba. Tana da ɗan piyano na lantarki nata na kanta, wanda ranar da aka ɗauke wuta sai ya zama kaya kawai.

Na taɓa tsayawa ta taga ina kallon darasinta. Ba ta fara da waƙa ba. Ta raba aji gida biyu, wasu na tafi sau uku, wasu sau biyu a lokaci guda, tana buga ƙuge a tsakiya har sai da tafin ya zauna. Wani yaro mai in'ina da ko sunansa da ƙyar yake faɗa, ta sa shi ya ja baiti, ya kuwa ja shi sumul ba tuntuɓe. Ta dafa kansa ta wuce, ba ta yi wani biki a kai ba. Wannan haƙurin nata, Goggo, shi ya sa nake girmama ta.

Ita sarewar ma tana da tarihi da zai ba ki mamaki. Wanda ya gyara ta ya shigar da ita makarantu shi ne Ephraim Amu, malamin Presbiteriyan a Akropong, wanda a shekarun 1930 cocinsa ta raba shi da aikinsa saboda ya hau mumbari da zanen gargajiya kuma ya dage a kan kiɗan gida. Daga baya hotonsa aka sa a tsohuwar takardar kuɗin Gana ta sidi dubu 20. Kin ga su ma Kiristocin nan sun yi nasu ja-in-ja a kan ganga, ba mu kaɗai ba ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Makarantun mishan, irin ta yaranmu, suna da safiyar ibada, galibi Laraba, kuma Madam ce ke jan waƙoƙin coci. Nan ne muka ja layi. Mu iyaye Musulmi muka je muka zauna da shugabar makaranta da ita: taken ƙasa, waƙoƙin maci, na wasan yara da na tarbiyya cikin yaren Tuwi, duk mun yarda, amma waƙar da ke kiran Annabi Isa, alaihis salam, da abin da aƙidarmu ba ta yarda da shi ba, 'ya'yanmu ba za su rera ba. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ce ita ma ba za ta so a sa ɗanta furta abin da bai yi imani da shi ba. Tun daga nan namu ke zama gefe a wannan lokacin. Idan Kirsimeti ta matso ba ta sa su a wasan haihuwa. Da azumi takan cire masu azumi daga atisayen rana, ko da kuwa ana shirin macin 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kai, wanda shi ne babban aikinta na shekara.

Ba zan ce miki ko'ina haka yake ba. A 2021 ƙasar nan ta ɗau zafi lokacin da makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, kuma abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Saboda haka ido a buɗe muke. Amma muna kuma kallon Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019 ya kai ziyarar zumunci cocin Katolika a Akara ranar Ista, bai kuma rage komai daga addininsa ba.

A cikinmu ma akwai waɗanda ba sa son ɗansu ya taɓa ganga sam, bisa fahimtar malamansu, kuma Madam takan ba irin waɗannan yara aikin zane. Ni dai na bar tawa ta yi sarewa.

Ana tashi, namu kan ci abinci su ɗauki allo su nufi makarantar allo, Asabar da Lahadi ma can suke wuni. Ita kuma Madam takan zauna duba littattafan aji, sannan ta wuce atisayen mawaƙan cocinsu har dare. Jikarki yanzu tana izu na biyar, kuma malaminta na allo ya ce numfashinta a karatu ya fi na sa'o'inta tsawo. Idan Allah ya kawo ki bikin saukarta zan kai ki ku gaisa da Madam, tana jin Hausar kasuwa daidai gwargwado. A gaida Baba da su Yaya.