Filin Tambaya da Amsa: Wace Kalmar Turanci Ce ta Fushi, Wacce Ce ta Gaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin Turanci. An ba mu aikin rubuta labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ashirin ba sa ga-maciji da juna saboda rabon gado, sai na yi ta maimaita kalmar "angry" tun daga farko har ƙarshe. Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashinta sau bakwai, ya ce ba ita ce ta dace ba. Da na duba ƙamus na tarar da "resentment", "rancour", "animosity", "hostility" da "acrimony", amma kowacce an fassara ta da 'yar'uwarta. Yaya zan bambance su?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Malaminki yana da gaskiya, kuma amsar tana cikin Hausar da kika yi tambayar da ita, domin ba ki ce 'yan'uwan nan suna fushi ba, cewa kika yi ba sa ga-maciji. Mai jin Hausa ya san fushi daban, ƙullaci daban, gaba kuma daban. Haka abin yake a Turanci, kuma abu biyu za ki riƙa dubawa kafin ki zaɓi kalma: daɗewar abin a zuciya, da kuma ko a ɓoye yake ko ya fito fili.

"Anger" fushi ne, yana tasowa yana kuma kwantawa, shi ya sa ba zai iya ɗaukar nauyin shekara ashirin ba. Idan fushin ya kai mutum ga fita hayyacinsa sai a ce "rage" ko "fury". Ita "rage" tushenta ɗaya da "rabies" a Latin, wato ciwon haukan kare, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki irin fushin da ake nufi. "Wrath" tsohuwar kalma ce mai nauyi, an fi ganinta a rubuce-rubucen addini idan ana maganar fushin Ubangiji, ba a yi wa saɓani tsakanin maƙwabta amfani da ita. "Indignation" kuwa fushi ne na wanda ya ga an yi zalunci ko rashin adalci, ko da ba shi aka yi wa ba.

Kalmar da labarinki ya fi buƙata ita ce "resentment", kuma ina so ki tsaya a kanta sosai. Ta shigo Turanci daga wata kalmar Faransanci mai ma'anar sake jin abu, ko jinsa ƙwarai. Ɗauki ƙanin nan na cikin labarinki: an raba gado, ya ga an danne masa haƙƙi, bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, ya sa hannu a takarda ya tashi ya tafi. Amma duk ranar da ya wuce ta ƙofar gidan da yayansa ya gāda, sai abin ya dawo masa sabo, ya kawar da kai, ya ƙara sauri. Wannan shi ne "resentment", wato riƙo a zuciya saboda jin an cuce ka. Idan riƙon yana da dalili guda da za a iya nunawa, "grudge" ta fi dacewa, wato ƙullaci, kuma ana cewa "bear a grudge against" wane. Idan kuma ya daɗe har ya gurɓata zuciyar mai shi, ya sa yana ganin baƙin kowa, to an kai ga "bitterness", ɗacin rai. Kusa da ita akwai "rancour", wadda Amurkawa ke rubutawa "rancor"; asalinta ɗaya da "rancid", kalmar da ake siffanta mai ko kitse da ita idan ya daɗe a ajiye har ya lalace yana wari. A ganina babu kalmar da ta fi ta bayyana ƙiyayyar da ta kwana ta tashi shekara da shekaru.

Sauran kalmomin na abin da ya fito fili ne. "Animosity" ƙiyayya ce mai zafi wadda ake gani a fuska da hali. "Acrimony", daga kalmar Latin mai ma'anar kaifi, tana zaune ne a harshe: maganganu masu zafi a wajen muhawara, ko a gaban alƙali lokacin rabuwar aure. "Hostility" ta samo asali daga "hostis", abokin gaba a Latin, kuma tana nufin nuna adawa a aikace. Ki kula da jam'inta, domin "hostilities" faɗa ne da makamai, kamar wanda yarjejeniyar 11 ga Nuwamba 1918 ta tsayar a Yaƙin Duniya na Ɗaya. "Enmity" ita ce gaba kanta, wato zaman da ɓangarori biyu ke yi a matsayin abokan gaba, idan kuma gabar ta bi zuriya, 'ya'ya suka gaje ta daga iyaye, sai a kira ta "feud".

Yawan kalmomin nan ya biyo bayan tarihin harshen ne. "Wrath" da "bitter" na tsohon Turanci ne, "anger" ta zo daga harshen mutanen Arewacin Turai da suka zauna a Ingila, kuma a harshen nasu tana nufin baƙin ciki, su kuwa "rage", "enmity" da "rancour" sun shigo ta Faransanci bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066.

Idan kin koma kan labarinki, ki bar "angry" a ranar rabon gadon kaɗai. Shekarun shiru da suka biyo baya ki ba su "resentment", ranar da suka haɗu a kotu suna musayar baƙaƙen maganganu ki yi amfani da "acrimony", sannan idan 'ya'yansu ma sun daina gaisawa, sai ki kira abin "feud".