Jinin ɗan yatsa da aka ɗiba a gida: a dogara da sakamakonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina fama da ciwon sukari, kuma na ga ana tallar wasu kayan gwaji da mutum zai huda ɗan yatsansa a gida, ya tara jinin a 'yar kwalba, ya aika ɗakin gwaje-gwaje. Shin sakamakon yakan yi daidai da na jinin da ake ɗiba daga jijiya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Amsar ta danganta da irin gwajin. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata 2 zuwa 3, yakan zo kusa ƙwarai da na jijiya, domin abin da ake aunawa yana manne da jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke rayuwa kimanin kwana 120, kuma ba ya saurin sauyawa a hanya. Haka ma gwajin kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, yake, idan an ɗibi jinin yadda ya kamata.

Inda gizo ke saƙar shi ne matsar yatsa. Idan jini ya ƙi fitowa, mutum yakan riƙa tatsarsa da ƙarfi, sai ruwan da ke cikin tsoka ya gauraya da jinin ya tsarma shi, jajayen ƙwayoyi kuma su farfashe. Sinadarin potasiyam da ke cikin waɗannan ƙwayoyi ya ninka na ruwan jini fiye da sau 20, saboda haka fashewar kaɗan daga cikinsu ta isa ta sa sakamakon mai cikakkiyar lafiya ya yi kama da na mai ciwon ƙoda. Jinkirin isa ɗakin gwaji ma yana ɓata lissafi: potasiyam yana ƙaruwa, sukari kuwa yana raguwa, tunda ƙwayoyin na ci gaba da cinye shi a cikin kwalbar. A ganina, gwajin potasiyam da na yawan sukarin da ke cikin jini a lokacin ɗiba ba na aikawa daga gida ba ne. Ƙidayar ƙwayoyin da ke daskarar da jini ita ma takan fito ƙasa da gaskiya, don sukan dunƙule a bakin hujin.

Idan za ki ɗiba, ki wanke hannu da ruwan ɗumi, ki bari ya bushe sarai, musamman in kin taɓa wani abu mai zaƙi. Ki huda gefen yatsar tsakiya ko ta zobe, ki goge ɗigon farko, ki saukar da hannun ƙasa da ƙirjinki, jinin ya riƙa ɗiga da kansa har ya kai layin da aka zana a jikin kwalbar, sannan ki aika a ranar.

Duk sakamakon da ya fito ba daidai ba, ko ya saɓa wa yadda kike ji a jikinki, a maimaita shi da jinin jijiya kafin likitanki ya ƙara ko ya rage miki magani.